Wai don ta bar kiɗa ta koma saikoloji shi ne ta gaza?

Ana ta caccakar wata ɗaliba wai don ta ajiye karatun kiɗa da waƙa ta koma karanta saikoloji, wato ilimin halayyar ɗan Adam, ɓangaren kafafen sadarwa. Wasu na cewa kasawa ta yi, wasu na cewa kuɗi ta hango, har da masu cewa ai dama can ba ta da baiwar. Ni dai wlh ban ga kasawa a nan ba.

Duk wanda ya taɓa zama da mawaƙa ya san tambayar da ke hana su barci, me ya sa waƙar wane ta tashi tawa ta kwanta alhali na fi shi murya na fi shi iya kiɗa? To a ajin kiɗa za a koya maka sauti da tsari da yadda ake buga kayan kiɗa, amma wannan tambayar ba a can amsarta take ba, tana wajen masu nazarin yadda mutane ke mu'amala da rediyo da talabijin da waya, inda yarinyar nan ta koma ke nan.

A 2006 wasu masu bincike a jami'ar Columbia ta Amurka, Salganik da Dodds da Watts, sun fitar da sakamakon wani gwaji da suka yi da mutum sama da 14,000 a intanet. Waƙoƙi 48 suka ba su na mawaƙan da ba a sani ba. Wani rukuni ba ya ganin komai sai waƙa da sunan masu ita, sauran kuma aka kasa su gida 8, kowane gida yana ganin sau nawa 'yan gidansu suka sauke kowace waƙa. Ka san me ya faru? Waƙar da ta yi zarra a wannan gida sai ka ganta can ƙasa a wancan, don kawai a nan ta yi sa'ar samun masu sauke ta da wuri sauran suka bi ayari. Masu kyau sosai ba su cika faɗuwa warwas ba, marasa kyau sosai ba su cika hawa sama ba, amma na tsakiya kam komai na iya faruwa da su. Yanzu fa mawaƙin da bai san wannan ba haka zai zauna yana zargin kansa shekara da shekaru.

Haka batun maimaici, tun 1968 wani masanin saikoloji Robert Zajonc ya nuna cewa yawan cin karo da abu kaɗai yana sa mutum ya fara son sa, shi ya sa waƙar da ka tsana ranar farko bayan sati biyu sai ka kama kanka kana rera ta. Sannan Spotify, manhajar sauraron waƙa, ba ya ƙirga an saurari waƙa sai ta kai daƙiƙa 30, kaga dole mawaƙi ya jefo amshi da wuri kafin yatsa ya wuce, dogon share fagen nan na da duk ya ragu. Wanda ya fito daga kiɗa da kunnensa yake jin waɗannan abubuwan, ba sai an zana masa a allo ba, kuma ina ganin nan za ta fi 'yan ajinsu.

Amma fa kar wani ya ɗauka hutu ta tafi. Lissafi ne jibge a karatun nan, ƙididdiga, tsara tambayoyi, tace bayanai, karanta rahoton bincike mai shafi talatin da ba daɗin karatu. Kuma hannu yana mantuwa, wanda ya daina atisaye kullum yatsunsa za su yi nauyi, wannan asara ce ta gaske ba zan ɓoye ba.

Ni abin da ya fi damuna ma daban ne, wa za ta yi wa aiki in ta gama? Don ilimin da ke gane me ke riƙe hankalin mutum shi ne dai ake amfani da shi a hana shi ajiye waya har ƙarfe biyun dare. A 2012 Facebook ya yi sati guda yana sauya abin da mutum kusan 689,000 ke gani, wasu aka rage musu rubutun farin ciki wasu na baƙin ciki, don a ga ko yanayin nasu rubutun zai canza, ba wanda aka tambaya kai tsaye, sai a 2014 da aka buga sakamakon duniya ta sani aka yi ta surutu. Masu irin karatun da ta koma ne ke tsara irin wannan gwaji, su ne kuma ke iya tona shi su yi wa iyaye da malamai da su kansu mawaƙan bayani. Da masu zaginta wannan suka tambaye ta da na ce suna da magana, amma su dai damuwarsu wai ba za ta hau dandamali a tafa mata ba.