Ba Turawa ne suka daɗe da naɗa mace alƙali ba

A wata fada da ke unguwar Bukoki a Yamai na ji wani dattijo yana cewa shigar mata aikin shari'a tsohuwar al'adar Turawa ce, mu kwaikwayo kawai muka yi. Da yawa haka suke zato, amma tarihi bai nuna haka ba.

Faransa, wadda muka gaji tsarin kotunanmu daga wurinta, sai a Disamban 1900 doka ta ba mace damar zama lauya. Kafin nan, a 1897, kotun Paris ta hana Jeanne Chauvin yin rantsuwa, alhali tana da digirin digirgir a fannin shari'a. Laifinta ɗaya: mace ce. Kujerar alƙali kuwa sai 1946 aka buɗe wa matan Faransa ita. Abin mamaki, shekara uku kafin haka, a 1943, wata 'yar Afirka, Stella Thomas, ta riga ta zama majistare a Legas, a maƙwabciyarmu Najeriya.

A nan gida, waɗanda suka ga rikicin tazarce ba za su manta da Salifou Fatimata Bazèye ba. Ita ke shugabancin kotun tsarin mulki a 2009, lokacin da kotun ta ce ƙuri'ar raba gardamar da Shugaba Tandja yake so ta saɓa wa doka. Tandja ya rushe kotun. Bayan juyin mulkin 2010, ita aka sake kira ta jagoranci majalisar tsarin mulki ta riƙon ƙwarya.