Gidajen da ake roƙon masu su su tare

Tun da na ji a 2025 cewa gwamnatin Kano ta ba waɗanda suka sayi gidaje a rukunin Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo wa'adi, ko su tare ko a ƙwace, abin yake ci mini tuwo a ƙwarya. A garin da magidanci ke cusa mata da 'ya'ya bakwai a ciki da falo, a garin da ake ɗaga biki saboda ango bai samu ɗakin haya ba, sai ga gidaje a kulle, ciyawa ta cinye tsakar gida, har sai hukuma ta yi barazana kafin a shiga. Tun mulkin Kwankwaso na biyu, 2011 zuwa 2015, aka gina su. Da wanda haya ta isa ne ya samu, ai ko fenti ba zai jira ya bushe ba. Masu ajiye kuɗi a bulo ne suka saya, shi ya sa.

Duk da haka, da an ta da zancen tsadar muhalli sai ka ji waƙar nan dai: gwamnati ta gina rukunin gidaje masu sauƙin kuɗi. Sauƙi a wurin wa? A Fabrairun 2024 Shugaba Tinubu ya aza harsashin gidaje 3,112 a Karsana da ke Abuja. A ƙarƙashin shirin nan na tarayya, mai ɗaki ɗaya da aka gina da kuɗin kasafi, wanda shi ne na rangwame, yana kamawa naira miliyan 8 zuwa 9. Mafi ƙarancin albashi a Kano naira 71,000 ne. Ɗauki biro ka lissafa: sama da shekara tara ke nan ma'aikaci bai ci ba, bai sha ba, bai hau adaidaita ba.

Za a ce ai akwai rancen asusun gidaje na ƙasa, wanda tun 1992 doka ta ce a riƙa yankar kashi 2.5 na albashi dominsa. A je Kantin Kwari ko Singa a tambayi ɗan dako ina takardar albashinsa.

Abin da masu ofis suka ƙi gani shi ne, talakan Kano ya daɗe da gina wa kansa birni. Je ka Rimin Kebe, ko Gaida, ko Bachirawa, ko bayan Dorayi. Duk awon igiya ne. Mai gona ya kira dillali, a ja igiya, a kafa turaku, mai unguwa ya sa hannu, shi ke nan. Ina da maƙwabci malamin firamare da ya yi haka. Shekarar farko katanga ya ja. Ya ɗauki adashi ya buga bulo ɗari uku, suka sha damina biyu a jibge. Da buhun siminti ya haura naira dubu goma a farkon 2024, sai ginin ya tsaya cak a linta. Bara ya rufa kwano a ɗaki biyu, ya rataya buhu a taga, ya kwashe iyalinsa suka tare, ko fulasta babu. Ranar na ga fara'ar da ban taɓa gani a fuskarsa ba. Bai ci sisin gwamnati ba.

Amma dubi inda aka bar shi. Lungun ko motar ɗaukar mara lafiya ba ta shiga, don mai gona ba ya kyautar taƙi ɗaya saboda hanya. Babu kwata, ruwan Agusta a ɗaki yake kwana. Ruwan sha sai na 'yan garuwa. Takardarsa kuwa babu bankin da zai kalle ta, kuma kullum gabansa na faɗuwa kada wata rana ya tashi ya ga jan fenti a bango. Hukumar da ba ta zo ranar awo ba, ita ce za ta zo da katafila bayan shekara goma ta ce an yi gini ba bisa ƙa'ida ba. Wannan rainin hankali ne. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna amana, to ina amanar, in fulotin gwamnati sai mai uwa a gindin murhu, shi kuma gobe ya kai wa dillali?

Kuɗin da ake narkawa a gida ɗari biyar na 'yan gata, a kai su Ungogo da Kumbotso da Gezawa tun gari bai cim musu gaba ɗaya ba. A biya manoma diyya ta gaskiya, a yanka ƙananan fulotai, a fitar da titi da kwata, a ware filin makaranta da maƙabarta, a ba mutum takarda ba tare da ya yi shekara yana safa da marwa a ma'aikatar filaye ba. Wanda ya sayar kafin ya gina, a karɓe. Ginin kuma a bar wa malam da magininsa, sun fi ɗan kwangila sanin inda bulo yake da araha.