Mun ci waakyenta, mun koma mun ci namanta

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Jiya bayan La'asar muna zaune a majalisarmu ta Aboabo a Kumasi ana shan shayi, sai ga aboboyar Hajiya mai waakye, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ta wuce, an jera mata manyan kuloli huɗu za a kai abincin suna Asawase. Wani a cikinmu ya bi ta da ido har ta sha kwana, ya taɓe baki ya ce, "Shinkafa da wake ce kawai ta kawo wannan? Ku dai bari. Akwai abin da aka binne ƙarƙashin murhun nan." Wani ya ce sika duro ne, wato tsafin kuɗi. Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi. Ban ma tsaya nan ba, sai da na ƙara gishiri, na ce ai ni ma abin na ba ni mamaki, layinta ba ya yankewa.

Wallahi daren jiya ban yi barcin kirki ba.

Da ban san mutanen nan ba da sauƙi. Na san su tun 2007, shekarar da aka yanke wa sidi sifili huɗu, dubu goma ta koma sidi ɗaya, muna ta rikicewa wajen karɓar canji. A lokacin abin da suka mallaka tebur ne a bakin kwata, ƙafarsa ɗaya gajera an tokare da dutse, sai tukunya ɗaya da tsohuwar laima. In zan tafi sallar Asuba nakan tarar da wutarsu ta riga ladan tashi. Malam, mijinta, yana faskare yana hura wuta, ita tana tsamo karan dafi daga ruwan wake, hayaƙi ya mai da idonta jajir. Shi ke zuwa kasuwar Kejetia ya ɗauko buhu. Shi ke riƙe da littafin bashi, wani ɗan littafin makaranta da mai ya jiƙa gefensa. Ko a lokacin ba mu bar shi ba. "Mijin ta ce" muke kiransa, wai namiji guda ya zauna yana wanke ganyen ƙunsa abinci. Ai kun tuna. Wasu da ke karanta wannan da bakinsu aka yi.

Ku kalli hannun matar nan in kun je saye. Daga wuyan hannu zuwa gwiwa tabo ne, na man shito, soyayyen yajin waakye, da ke fantsama, don shito ba ya son gaggawa, sai an tsaya a kansa ana juyawa awa da awanni. Ga abin da aka binne ƙarƙashin murhu nan, a fili yake.

Kuɗin kuma ba dare ɗaya suka zo ba. Mai susu ke biyowa kullum da yamma da katinsa, ta zuba, ƙarshen wata ya cire na kwana ɗaya ladansa ya miƙo sauran. Da shi aka sayi tukunya ta biyu, aka yi benci, daga baya aka kafa kwantena. An taɓa zuwa share bakin titi aka kwashe teburin da kwanukan, ta zauna a ƙasa tana kuka, bayan kwana uku ta sake ɗora tukunya. Dumsor, yawan ɗauke wutar lantarki na 2015, ya ruɓar musu da nama cikin firiza, Malam ya haƙa rami ya binne, ya ce ba zai ciyar da mutane abin da ba zai ba 'ya'yansa ba. Kullen korona na 2020, mako uku Kumasi tsit. A 2022 farashin shinkafa da mai ya haukace, masu abinci da yawa suka sauke tukunya. Duk wannan a gabanmu aka yi. Ba wanda ya ce tsafi ne a ranar da suke kuka. Sai yau da suka buɗe shago na biyu, suka ɗauki 'yan matan unguwa aiki, ake kiran waya a biya ta MoMo a kai maka har gida, yau ne muka gano asiri.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan. Akwai shekarar da aiki ya tsaya mini, wata biyu ina cin bashi a teburin nan. Ranar da kunya ta sa na wuce na yi kamar ban gan ta ba, ta ƙwala mini kira, "Malam, zo ka karya. In Allah Ya hore ka kawo." Na kai gida na buɗe ganye, sai ga ƙwai da wagashi a ƙasa, ban kuwa ce a sa ba. Bakin da ya ci wannan ƙwan ne jiya ya yi dariya. Astagfirullah.

'Yan uwa, mu ji tsoron Allah. Mun san me ake nufi da a ce Musulmi ya binne abu don neman kasuwa? Shirka fa muke jingina masa, muna kurɓar shayi. Kuma ba Hajiya kaɗai ba. Mai koko da ƙosai ta tara shekara da shekaru ta je Makka, mu ce a bincika. Yaro ya fara da pragya ɗaya, keken haya mai ƙafa uku, ya sayi ta biyu, mu ce ba banza ba. Bazawara ta yi rufin kwano, mu ce wa ke ba ta? A Zongo in kana cikin wahala kowa ɗan uwanka ne, ranar da ka ɗaga kai sai a fara ƙus-ƙus. Mu da muke karanta Falaƙi safe da yamma muna neman tsari daga mai hassada, ba mu taɓa tsayawa mun tambayi kanmu ko daga mu ake neman tsarin ba.

Magana kuwa zarar bunu ce. Ka faɗe ta da wasa a majalisa, yaron da ke wanke kofuna ya kai gida, uwarsa ta kai gidan biki, wata ta naɗa a murya ta watsa a WhatsApp. Gobe mutum ya zo layi ya tuna ya juya. Jibi a zo neman auren 'yarsu, wata gwaggo ta ce a'a, gidan nan an ce. Wa ya ce? Mu ne. Ni ne.

Don Allah mu bari. In an fara a gabanka, ko ba za ka iya tsawatarwa ba, kar ka yi dariyar. Dariyar ce ke ba mai maganar ƙarfi, na gani a kaina.

Yau da safe na je na tsaya a layi, na kai gaba, ta ce, "Malam, na nawa?" Na kasa buɗe baki, na saya na tafi. Gobe in sha Allahu zan koma, in samu Malam a gefe tukuna, in faɗa musu abin da na ce in nemi yafiya. Ku da muka zauna tare jiya, kun san kanku, ƙarfe shida zan bi ta ƙofar masallaci.