Chomsky ba sandar dukan Amurka kaɗai ba ne

A Kano ba a tuna Noam Chomsky sai an zo caccakar Amurka. Rabin mutumin ke nan, shi ma ba mu riƙe shi daidai ba.

Asalinsa masanin harshe ne. An haife shi a birnin Filadelfiya na Amurka a 1928, ya fara koyarwa a jami'ar MIT a 1955. Hujjarsa ita ce yaro ba da kwaikwayo kaɗai yake koyon magana ba, da shirin harshe a ƙwaƙwalwarsa ake haifarsa. Ku gwada a gida. Yaron Fagge ɗan shekara biyar zai ce "sun ga Audu", amma da ya juya ta tambaya sai ka ji "wa suka gani?" Ba ya cewa "wa sun gani?" Wa ya zaunar da shi ya koya masa inda "sun" ke komawa "suka"? Ko mahaifiyarsa ba za ta iya zayyana maka ƙa'idar ba. Da irin wannan Chomsky ya ragargaji ra'ayin B. F. Skinner, masanin halayyar ɗan Adam da ke ganin horo da sabo ne ke koya wa yaro magana, a 1959. Har yau dai akwai masana da ba su yarda da shi ba, muhawara ce da ba a rufe ba.

A siyasa kuwa, an kama shi a 1967 wajen zanga-zangar adawa da yaƙin Biyetnam. Amma abin da ya fi shafarmu shi ne littafin da suka rubuta da masanin tattalin arziki Edward Herman a 1988, inda suka ce labari sai ya ratsa rariya biyar kafin ya iso kunnenka: mai gidan jaridar, masu ba da talla, majiyar labari, matsin lamba, da dodon da ake tsorata jama'a da shi, wanda a lokacin kwaminisanci ne.

To, ɗora wannan a kan rediyon da kake kunnawa bayan sallar isha'i. Wa ya sayi filin? Tashar da rabin kuɗin dizal ɗinta daga tallan gwamnati yake fitowa, yaya za ta binciki kwangilar titi? Wakilin da ba a ba shi kuɗin mota ba, sanarwar jami'in hulɗa da jama'a zai karanta ya kira ta rahoto, don ita ce ta zo har teburinsa kyauta. In ya kuskura ya tono wani abu, a sakar masa sojojin baka, ko a tuna masa da lasisi. Dodonmu kuma shi ne a ce da kai "maƙiyin Arewa".

Inda masu ambatonsa ke kuskure: suna ɗauka wasu ne ke taro a ɗaki suna rubuta wa 'yan jarida abin faɗa. Shi cewa ya yi ba a ma buƙatar hakan. Edita ya san labarin da zai kori mai talla, sai ya ajiye shi da kansa tun ba a buga masa waya ba. Su kuma mutanenmu CNN suke tacewa da rariyar, ban da tashar da ke yabon ɗan takararsu.