Wa ya kashe tarasfon Bukoki?

Fadar mai shayi a unguwar Bukoki ta birnin Yamai, watan Afrilu, ƙarfe ukku na rana, kuran ya tahi tun hantsi.

Bagobiri: Yawwa, ga ɗan kamfanin kuran nan! Kai Bazabarme, ina kuka kai muna wuta? Galas ɗina duk ya koma ruwa.

Bazabarme: Bawana, ba ka gaida ubangidanka tukuna?

Bagobiri: In firigo ya tashi na gaishe ka. Da kun ce Najeriya ta yanke layin Birnin Kebbi, to wannan 2023 ne, an maido. Ga tashar kuran ta Gorou Banda da injinan gazuwal, ga pannon hasken rana na megawat 30, rana kuwa har ta yi muna yawa, to mi ya rage?

Mai shayi: Dam ɗin Kandaji. Tun ina goye nike jin ana gina shi.

Bazabarme: Ku bar Kandaji ya huta. Ko kogin Kwara duka aka maida kuran, ta waya za ya biyo, wayar unguwarku kuwa kamar zaren ɗinki. Tarasfo guda, injin nan mai raba ma unguwa kuran, an aza mishi gidajen da sun fi ƙarfinshi, zahi ya zo kowa ya kunna kilim da bantilata lokaci ɗaya, ya yi zahi ya yi zahi ya ƙone. Jaki ma in ka wuce da kaya kwantawa yake.

Bagobiri: To ku sayo mishi ƙane mana!

Bazabarme: Shi ne maganin ai. A ƙara tarasfo, a sa waya mai kauri, a raba layi yadda in reshen dogon yaro ya faɗa ma waya a nan, ba sai 'yan unguwar Lazare sun kwana cikin duhu ba. Amma da fari sai an ciccire wayoyin sata.

Bagobiri: Allah ya tsine ma ɓarayin kuran!

Bazabarme: Amin. Akwai wata baƙar waya ma, daga poton bayan masallaci ta haura katanga, babu kontar. Gobe za mu bi ta mu ga gidan.

Bagobiri: A'a... wannan igiyar shanya ce.

Mai shayi: Igiyar shanyar da ta jefar da akuyar Hajiya?

Bazabarme: Firigo nawa ke shanye a kanta?

Bagobiri: Mai shayi, zuba ma ubangidana. Sa madara da yawa, ni ke biya.