Barin bangon gaba kaɗai ba adana tarihi ba ne

Tun da hada-hadar kuɗi ta koma waya, bankuna suka shiga rufe manyan rassansu na tsakiyar birane, wata dabara ta samu gindin zama: a sayi tsohon ginin banki da doka ta kare, a tokare bangon gaba da ƙarafa, a rushe duk abin da ke bayansa, a ɗora dogon bene na gilashi, sannan a ce an adana tarihi. Wannan rusau ne, komai sunan da aka ba shi.

Darajar ginin banki a cikinsa take: zauren karɓar kuɗi mai dogon rufi, kantar marmara, tagogin sama da ke zubo haske, da ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa mai ƙofar ƙarfe. Tsakanin 1925 da 1939 aka rushe akasarin ginin Babban Bankin Ingila da John Soane ya tsara, aka bar katangar waje. Har gobe masana gine-gine na jimamin zaurukan da aka rasa.

Masu wannan aiki kan ce ginin ya riga ya lalace, ba ya gyaruwa. To wa ya bari ya lalace? Idan aka kulle gini ba a share indararo, ruwan sama sai ya kwanta a rufi ya ratsa bango. Yawancin manyan bankunan farkon ƙarni na 20 ƙarafa ne ke riƙe da su ta bayan dutse. Da zarar danshi ya kai gare su sai su yi tsatsa, su kumbura, su tsaga dutsen. Daga nan a kawo magini ya liƙe tsagar da siminti a inda asali da farar ƙasa aka haɗa. Siminti ba ya barin danshi ya fita, sai ya taru a cikin dutsen har fuskarsa ta fara ɓarewa. Wasu masu ginin abin da suke jira ke nan, su kai wa hukuma rahoton injiniya su nemi izinin rushewa.

Batun cewa gyara ba riba, hedikwatar bankin Midland da ke Landan ta ƙaryata shi: an mayar da ita otal a 2017, zauren da ɗakin ajiyar suna nan.

Hukumomi su tilasta wa mai gini gyaran rufi da indararo duk shekara, su daina ba da izinin rusau a kan ɓarnar da sakacinsa ya jawo.