Harajin Trump da rufe iyakar Buhari

Tsarin mulkin Amurka bai bar shakka ba: sanya haraji aikin majalisa ne. Amma a watan Afrilun 2025 Shugaba Trump ya ɗauko wata doka ta 1977, wadda aka tanada domin yanayin ta-ɓaci, ya ce giɓin cinikin da ke tsakanin Amurka da ƙasashen waje ya zama ta-ɓaci, ya lafta wa kayan kusan kowace ƙasa haraji. Najeriya ma kashi 14 cikin ɗari aka fara yanka mata. Giɓin da aka shekara hamsin ana zaune da shi, yaushe ya zama gobarar dare?

Mu da ke zaune a nan Amurka mun san wanda ke biya. Mai shigo da kaya ne ke biyan kwastan, shi kuma ya ɗora wa mai shago. A shagon 'yan Afirka da nake sayen manja da busasshen kifi, sai ka ga an liƙa sabon farashi a kan tsohon, takarda bisa takarda.

Waɗanda suka kai ƙara ne suka burge ni. Ƙananan 'yan kasuwa ne, ciki har da wani kamfanin kayan wasan yara na jihar Illinois. Kotun cinikayya ta ba masu ƙara gaskiya a watan Mayu, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a Agusta, sannan a Fabrairun 2026 Kotun Ƙoli, alƙalai shida cikin tara, ta ce dokar ba ta ba shugaban ƙasa wannan iko ba. Biyu daga cikin shidan ma Trump ɗin ne ya naɗa su.

To mu 'yan Najeriya fa? A Agustan 2019 Buhari ya rufe iyakokin ƙasa saboda fasa-ƙwaurin shinkafa, ba a fara buɗewa ba sai Disambar 2020. Manyan motoci suka yi cirko-cirko a Jibiya da Illela, 'yan kasuwar Maraɗi da Ƙonni suka tafka asara, buhun shinkafa ya yi tashin gwauron zabi. Muhawarar da muka sha a rediyo da majalisun hira duk a kan ko matakin ya dace ne. Tambayar ina ikon shugaba ya tsaya kuwa, kaɗan ne suka damu da ita.

Kada dai a zaci an ɗaure wa Trump hannu. Ana yanke hukuncin ya koma wata doka ta 1974, sai dai ita wannan ta ƙayyade masa kwana 150, bayan nan sai da yardar majalisa.